Nazarin Lamari: Karen Gadi Mai Cin Daginsa da Wata 14 na Neman Dalili

An kawo mini karen ne a tsakiyar watan Agusta, lokacin da damina ta kankama a Kaduna har ƙasa ba ta samun bushewa tsakanin wannan ruwa da na gaba. Namiji ne, ɗan shekara huɗu, jinsin makiyayin Jamus wanda a nan aka fi sani da Alsashiyan, nauyinsa kilo 38, kuma aikinsa gadin gidan wani ɗan kasuwa. Sunansa Zaki, amma a ranar yana takawa ne kamar mai tafiya a kan garwashi, kuma da zarar ya samu wurin kwanciya sai ya kafa baki a dagin gaba yana lasa yana gatsa. Mai gidan bai zo ba, maigadinsa ya turo, dattijo mai kimanin shekara sittin, wanda shi ne ke ba karen abinci, ya sake shi da dare, ya mayar da shi keji da asuba. Da na tambaye shi abin da ke tafe da su, sai ya ce, "Likita, karen nan cin ƙafarsa yake yi, kuma mun yi allura har mun gaji."

Tarihin ciwon, kamar yadda dattijon ya zayyana shi, ya fi duk wani gwajin da na yi daga baya amfani. Ƙaiƙayin ya fara ne tun karen yana da kimanin shekara ɗaya da rabi, da damina, inda yake lasar dagi, yana goga fuska a bango, yana kuma kaɗa kunne. Da hunturu ya shigo sai abin ya lafa, har aka manta da shi. A damina ta gaba ya dawo da wuri kuma ya daɗe, a ta uku kuwa bai tafi gaba ɗaya ba ko da rani. A duk tsawon wannan lokaci akwai wani mai yawo a kan babur da ake kira ya yi wa karen allura, ƙaiƙayin ya tsaya na mako biyu ko uku, sannan ya dawo. Dattijon bai san sunan allurar ba, amma ya lura cewa bayan kowace allura karen yakan sha ruwa kamar raƙumi, ya yi ta fitsari, ya ci abinci ba ƙoshi. Wannan siffa ta isa ta nuna cewa sitiroyid ne ake ɗirka masa, wato maganin da ke danne kumburi da ƙaiƙayi ta hanyar danne garkuwar jiki. Ban da allurar, an shafa wa dagin baƙin mai, an taɓa zuba masa kananzir, an fesa masa shuɗin magani na dabbobi, kuma kowace safiya ana wanke kejin da ruwan kashe ƙwayoyin cuta mai ƙarfi ba tare da an ɗauraye daɓen ba.

Da na buɗe yatsun dagin gaba, warin da ya fara bugo ni na tsami ne, irin na ƙullun da ya kwana. Gashin da ke tsakanin yatsun ya rine ya koma ja-ja saboda yawu, fatar wurin ta yi kauri ta yi baƙi, kuma a dagin hagu akwai maruru biyu, kowanne ya kai girman ƙwallon dabino, ɗaya ya riga ya fashe yana fitar da mugunya gauraye da jini. Hammata da matsematsi sun yi ja, haka ma cikin kunnuwa, waɗanda suka cika da dauɗa mai launin ƙasa. Sai dai wuraren da ciwon bai taɓa ba sun ja hankalina daidai da waɗanda ya taɓa: gefen kunnuwa lafiya lau, gadon baya da gindin wutsiya ma babu ko ƙwarzane.

Zuciyata ta riga ta karkata ga alajin fata mai daɗewa, wanda likitoci ke kira atopi, wato yanayin da garkuwar jikin kare ke ɗaukar abubuwa marasa lahani, kamar ƙananan ƙwarin ƙurar ɗaki da garin furen ciyawa, a matsayin abokan gaba. Amma babu wani gwajin jini ko na fata da ke tabbatar da wannan ciwo kai tsaye, ana isa gare shi ne bayan an kore duk wani abu da ke iya kawo ƙaiƙayi iri ɗaya. A ƙasarmu jerin waɗannan abubuwa yana da tsawo. Akwai ƙuma, wadda cizonta ɗaya ya isa ya tayar wa kare mai alajinta da hankali, ko da yake ita gindin wutsiya ta fi kamawa. Akwai ƙazuwar kare, wadda ke son gefen kunne da gwiwar hannu, kuma takan kama mutanen gida. Akwai ƙwaron Demodex da ke zama cikin ramin gashi, wanda yakan yi yawa idan an danne garkuwar jiki, abin da ya sa na fi tsoronsa a jikin karen da ya sha allurar sitiroyid. Akwai tsutsar ciki mai ƙugiya, wadda 'ya'yanta ke huda fatar dagi daga ƙasa mai laima, da tsutsar ƙudan tumbu da ke shiga ƙarƙashin fata da damina ta yi ƙurji mai ƙofa a tsakiya. Sannan akwai ƙarangiya da tsidau, waɗanda duk wanda ya taɓa tafiya ba takalmi a daji ya san aikinsu, sai dai ƙaya ba ta cika kama dagi huɗu a lokaci ɗaya ba, balle ta haɗa da kunne.

Na taje gashin ban ga ƙuma ba, na kankare fatar a wurare biyar har jini ya ɗan tsattsafo ban ga Demodex ba, amma a kashinsa na samu ƙwan tsutsa mai ƙugiya, na kuwa ba shi maganinta. Rashin ganin ƙwaron ƙazuwa a madubin likita ba hujja ba ce cewa babu shi, domin sau da yawa kankarar ba ta kamo shi, don haka na ba karen ƙwayar fluralaner, wadda ake sayarwa da sunan Bravecto, mai kashe ƙuma da kaska har mako 12, kuma tana maganin ƙazuwa da Demodex. Gwajin da ya fi kowanne araha shi ya fi ba da labari: na manna salatif tsakanin yatsun, na ɓare, na rina shi, na duba a madubin likita. Fili ya cika da ƙwayoyin yis na Malassezia, masu siffar gyaɗa a cikin kwansonta, tare da tarin bakteriya, wasu ma a cikin fararen ƙwayoyin jini. Saboda karen ya riga ya sha magungunan kashe ƙwayoyin cuta barkatai, na aika da mugunyar marurun ɗakin gwaji, aka samu bakteriyar Staphylococcus wadda, cikin sa'a, har yanzu tana jin maganin cefalexin.

Yana da kyau a fahimci yadda maruru ke fitowa a tsakanin yatsun kare, domin a nan ne masu karnuka da yawa ke ɓata kuɗinsu. Ruwa ba ya tsami banza. Alaji yana kawo ƙaiƙayi, ƙaiƙayi yana kawo lasa, lasa tana jiƙa wurin da iska ba ta shiga, sai yis da bakteriyar da dama can suna zaune a fata su samu wurin yaɗuwa, su kuma su ƙara ƙaiƙayin. Idan fatar ta kumbura, kuma kare mai nauyi ya ci gaba da taka ta a kan siminti, sai ramukan gashi su toshe su fashe ta ciki, guntayen gashi su watsu cikin tsoka. Jiki yana ɗaukar wannan gashi kamar ƙaya ce ta shige shi, ya tara mugunya a kewayensa. Shi ya sa maganin kashe ƙwayoyin cuta kaɗai ke kwantar da marurun na ɗan lokaci sannan ya dawo, domin ya kashe bakteriyar amma bai taɓa abin da ya buɗe mata ƙofa ba.

Matakin farko ya ɗauki mako shida. Karen ya sha cefalexin miligiram 1000 safe da yamma har ƙarshen watan Satumba, saboda ciwon da ya yi zurfi a fata ba ya jin maganin kwana biyar. Sau biyu a mako ana yi masa wanka da sabulun ruwa mai haɗin chlorhexidine da miconazole, masu kashe bakteriya da yis, a bar kumfar a jikinsa minti goma cif kafin a ɗauraye, kuma kowace asuba idan ya gama sintiri a tsoma dagoginsa a ruwan chlorhexidine da aka surka, a tsane tsakanin yatsun da tawul. An wanke kunnuwan aka sa musu maganin ɗigawa, aka kuma rataya masa kwalar roba mai siffar mazurari don bakinsa ya daina kai wa ga ciwon. Na lura dattijon yana ɗari-ɗari da maganar taɓa dagin da ya jiƙe da yawun kare, ban tsaya jan magana ba, na ba shi safar hannu ta roba, na nuna masa yadda ake yi sau ɗaya, shi ma ya yi a gabana. Na kuma roƙe shi ya riƙa ba ƙaiƙayin maki daga 0 zuwa 10 kowace rana. Da ya dawo bayan mako biyu sai ya zaro littafin rubutu na 'yan firamare daga aljihun rigarsa, lambobin a jere, a gefensu kuma bayani da ajami: ranar da aka yi ruwa, ranar da karen ya shiga ciyawa, daren da ya kwana yana susa. A cikin waɗannan makonni biyu da gangan na hana duk wani maganin danne ƙaiƙayi, don in ga nawa ne rabon ƙwayoyin cutar a cikin wahalar. Makin ya sauka daga 9 zuwa 6, ya kuma tsaya a nan, abin da ya nuna akwai sauran rina a kaba.

Daga nan sai gwajin abinci, wanda shi ne mafi wuya a kowane gida. Alajin abinci da na muhalli kamanninsu ɗaya a fata, kuma hanyar raba su ita ce a ciyar da kare abin da bai taɓa ci ba na tsawon mako takwas, lokacin da ya isa a gano fiye da kashi 90 cikin ɗari na karnukan da abinci ke damu. Naman shanu, madara, kaza da alkama su ne aka fi kamawa da laifi, kuma Zaki yana cin dukansu, domin abincinsa ragowar tuwo da miya ne, da kai da ƙafar kaza, da ƙasusuwan da suka rage. Na ja kunnen dattijon a kan miyar ma, saboda albasa tana lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare. Muka zaɓi naman zomo da dankalin Hausa, dafaffe da ruwa kawai, ba gishiri ba mai, aka fara a farkon watan Oktoba. A mako na biyar, a wata ziyara da na kai gidan, na tarar da ƙashin rago a bayan kejin. Ashe mai dafa abincin gidan ba ta taɓa daina jefa masa ƙashi ba, domin babu wanda ya gaya mata. Da muka zauna da dattijon sai shi ma ya sunkuyar da kai ya ce, "Likita, ni ma ina da laifi. Idan ina shan shayi da dare ya zuba mini ido, nakan tsoma masa ɗan burodi." Na ce, "Baba, ai ba laifinka ba ne, ni ne ban tara mutanen gidan na yi musu bayani ba." Haka aka koma farko, mako biyar suka tafi a banza.

Zagaye na biyu ya kammala a farkon watan Janairu, makin ya sauka zuwa 3, marurun sun bushe, gashi ya fara tsirowa. Mai gidan ya yi murna ya ce an gano, abinci ne. Ni kuwa ban yarda ba, domin wannan kare tun asali yakan samu sauƙi da hunturu, kuma gwajin namu ya faɗa daidai lokacin da iska ta bushe. Abin da zai raba gardama shi ne a mayar masa da tsohon abincinsa a gani, tun da karen da abinci ke damu yakan koma susa cikin kwana 14, galibi ma tun a makon farko. Aka mayar da kaza da naman shanu da burodi, aka cire miya kawai, kwana 14 suka wuce makin bai motsa ba. Da an tsaya a murnar farko, da har yau ana sayen zomo ba gaira ba dalili, kuma abincin zomo da dankali zalla ba ya ɗauke da isasshen sinadarin gina ƙashi da za a dogara da shi shekara da shekaru.

A nan ne na rubuta atopi a katin karen. A shekarar 2010 Claude Favrot na Jami'ar Zurich da abokan aikinsa sun fitar da alamomi takwas da ke taimaka wa likita, kuma kare mai biyar daga ciki ana ɗaukar zargin ya yi ƙarfi. Zaki ya cika bakwai: ya fara kafin shekara uku, ƙaiƙayinsa yana jin sitiroyid, yis na yawan dawo masa, dagin gaba da faifan kunne sun kamu, gefen kunne da gadon baya kuwa sun tsira. Wadda bai cika ba ita ce zama a cikin ɗaki, kuma a ganina wannan alama ba ta da nauyi sosai a wurinmu, inda kusan kowane kare a waje yake kwana.

Zaman da na yi da mai gidan bai yi daɗi ba da farko. Da na gaya masa cewa ciwon ba ya warkewa, lallaɓa shi ake yi har ƙarshen rayuwar karen, sai ya ce, "To, Likita, in ba ya warkewa, me muke kashe wa kuɗi?" Na ce, "Alhaji, kamar hawan jini ne, ba a rabuwa da shi, amma mai shan magani yana harkokinsa." Sannan na shimfiɗa masa abin da ke akwai. Prednisolone, wanda shi ma sitiroyid ne, yana da araha kuma yana aiki cikin sauri, amma shan sa wata da watanni yana kawo tumbi, sirantar fata, ciwon mafitsara da raunin garkuwa, kuma wannan kare ya riga ya sha rabonsa. Ciclosporin, maganin da ke kwantar da garkuwar jiki, yana da kyau, sai dai yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin a ga aikinsa, kuma tsadarsa ga kare mai wannan nauyi ba kaɗan ba ce. Lokivetmab, wato Cytopoint, allura ce da ke kame sinadarin da ke kai saƙon ƙaiƙayi ga jijiya, tana riƙewa mako huɗu zuwa takwas, amma dole ta zauna cikin sanyi tsakanin digiri 2 da 8 tun daga masana'anta har zuwa jikin kare, kuma da irin wutar lantarkinmu ban cika sakin jiki da kwalbar da ban san hanyar da ta biyo ba. Akwai kuma allurar sabar wa jiki da abin da yake ƙi, wadda ita kaɗai ke taɓa tushen ciwon, amma tana buƙatar gwaji na musamman, takan kai shekara kafin a yanke hukunci a kanta, kuma ba kowane kare take yi wa aiki ba. Muka tsaya a kan oclacitinib, wato Apoquel, ƙwayar danne ƙaiƙayi da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2013, muka kuma shirya cewa za a yi amfani da ita ne a watannin da ciwon ke tashi, don kuɗin ya zo da sauƙi.

Watannin rani muka yi amfani da su wajen gyaran da ba ya buƙatar kantin magani. An kafa wa karen dandamalin katako a cikin keji don ya daina kwana a kan siminti mai laima, aka fasa gefen daɓen aka yi wa ruwa hanya, aka ƙone tsohuwar katifar soso da yake kwanciya a kai, wadda matattara ce ta ƙwarin ƙura, aka maye gurbinta da bargon da ake wankewa da ruwan zafi kowane mako. An daina wanke kejin da ruwan magani mai ƙarfi, sabulu da ɗauraya sun wadatar. An rage masa abinci har ya sauko zuwa kilo 34, aka riƙa yanke masa farce, aka ƙara masa man kifi a abinci. Hunturu da bazara suna da nasu sharrin ga dagi, domin busasshiyar iska tana tsattsage tafin, simintin watan Maris da Afrilu kuma yana ƙuna da rana. Don haka dattijon ya riƙa shafa ɗan man kaɗanya a kan tafin kawai, ban da tsakanin yatsu, inda maiƙo da laima ke kiran yis.

Ruwan farko na sauka a watan Mayu makin ya fara hawa, daga 2 zuwa 4 cikin kwana goma. Ba mu jira maruru ba. Aka fara Apoquel miligiram 16 sau biyu a rana na kwana 14, sannan sau ɗaya, kuma kamar yadda aka saba gani, da aka rage sai ƙaiƙayin ya ɗan ɗaga da yamma kafin ya daidaita. Na ƙara da feshin sitiroyid na hydrocortisone aceponate a tsakanin yatsu kwana biyu a jere kowane mako, ko da wurin ya yi kyau a ido, domin hana tashin ciwo ya fi kwantar da shi sauƙi. Wanka ya koma sau ɗaya a mako, tsoma dagi kuwa kullum.

Komai ya tafi daidai har watan Yuli, lokacin da dattijon ya tafi ƙauyensu noma na mako uku. Yaron da ya riƙe masa aikin yana tsoron karen, bai taɓa tsoma masa dagi ba, ƙwayar kuma ta ƙare babu wanda ya faɗa. Ranar da dattijon ya dawo ya kira ni tun kafin ya ajiye jakarsa. Makin ya kai 7, yis ya cika dagin gaba biyu, kuma marurun dagin hagu ya sake kumbura a daidai tsohon gurbinsa. Wannan karon an kama shi da wuri, bai kai ga fashewa ba, don haka ban ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta na sha ba. Prednisolone miligiram 20 na kwana biyar ya kwantar da kumburin, aka dawo da tsoma dagi safe da yamma, sannan aka koma kan Apoquel. Bayan wannan ne mai gidan da kansa ya sa aka koya wa yaron aikin a gaban dattijon, aka kuma fara sayen maganin wata biyu a lokaci ɗaya.

A ziyarar tsakiyar watan Oktoba, wata 14 bayan zuwansa na farko, littafin dattijon ya nuna maki 2 ko 3 a yawancin ranakun Agusta da Satumba, watannin da a bara karen ba ya iya taka ƙasa. Kunnuwan sun bushe, gwajin jini bai nuna wata illa daga maganin ba, salatif kuma ya kamo yis ɗaya-ɗaya, adadin da ake samu a fatar kowane kare. Tsakanin yatsa na uku da na huɗu na dagin hagu akwai tabo mai tauri da ba na jin zai baje, kuma idan ya ci gaba da kumbura duk damina, za mu yi maganar cire shi da tiyata. Mun tsara janye Apoquel a watan Disamba idan hunturu ya zauna, a ci gaba da Bravecto kowane mako 12, da wankan mako-mako, da feshin kwana biyu, sannan a dawo da shi asibiti a ƙarshen Afrilu, kafin ruwan farko.